Rigar da Na Ɗinka wa 'Yar Farina

Na fi shekara talatin ina taka keken ɗinki a Daura, kuma sau ɗaya tak aka taɓa dawo mini da aikina a tsage gida biyu. Matar da ta tsaga shi, har yau ba na tashi daga kan darduma ban sa ta a addu'a ba.

Shagona ɗan ƙarami ne a bakin hanyar da ta nufi kasuwa. Ɗinkin maza na koya: kaftani, jamfa, 'yar shara da wando. Ina da zuciya, kuma ina ji da sana'ata, wannan ba sai an tambayi maƙwabta ba. In ka dawo mini da riga ka ce wuyan ya matse ka, wuyanka zan fara duba kafin in dubi rigar. Mutane sun haƙura da halina saboda ɗinkina ba ya warwarewa.

Babbar 'yata ita ce 'yar fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a nan, ba a kama sunan ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayanmu ba har Allah ya karɓi ransa, ni ma a haka na tashi. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban sake furta shi ba. “Ke” nake ce mata, in kuma da uwarta nake magana sai in ce “yarinyar nan taki”, ita kuwa ta ce “taka dai”. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Hirarmu ba ta wuce ta durƙusa da safe ta ce “Baba, ina kwana”, in ce “lafiya lau”. Sauran abin da ke raina da allura nake faɗa mata. Duk cinkoson aikin Sallah, kayanta nake fara yankawa, kuma ta san da haka.

Da ta kai babbar sakandare a makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, sai aka zaɓe ta ajin kimiyya. Burinta ke nan tun tana ƙarama, tun ranar da ta raka uwarta asibiti ta ga wata mata ta ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ta leƙa cikin na'ura, ta faɗi ciwon da ya yi wata biyu yana wahalar da mu. Uwarta ta gaya wa wannan buri, ba ni ba. Ni daga zaure na jiyo, na yi kamar ban ji ba, amma ranar da waƙa a bakina na yini ina ɗinki.

Cikin kayan da makaranta ta ce a saya akwai farar riga ta shiga ɗakin gwaje-gwaje, wanda su ɗaliban suke kira lab. Ana kawo irin rigunan daga Kano a cikin leda. Na je na zare ɗaya na duba. Yadin shara-shara, ɗinkin a karkace, zare na reto ta ko'ina. Abin da ya fi ɓata mini rai, gabanta a buɗe yake tun daga wuya har ƙasa, wasu maɓallai ne kawai ke riƙe da shi. Na ce 'yar tela, budurwa, ta sa wannan ta tsaya cikin mutane? Ina raye dai ba za a yi ba. Na mayar wa mai kayan abinsa, har da 'yar baƙar magana a kai.

Na zaɓi farin yadi mai sheƙi, irin wanda ba ya yamutsewa, wanda nake yi wa angwaye kaftani da shi. Na yanka rigar yadda na iya, gabanta a rufe ruf, ta kai ake sa ta. Wuyan na matse shi, na sa masa maɓallai uku na ƙullin zare da na murza da hannuna. Hannuwan na buɗe su sosai don iska ta shiga, don kowa ya san zafinmu na bazara, kuma a ganina faffaɗan hannu shi ne kwarjinin riga. Ban auna ta ba. Ina ni ina kewaya 'yar fari da tef? Tsohuwar rigar makarantarta na karɓa a wurin uwarta, na ƙara yatsu huɗu a hannu don ta girma a ciki. Sannan na yi kwana biyu ina yi mata ɗan aikin farin zare a wuya da bakin aljihu, wanda sai ka matso za ka gani.

Na ninke ta na ɗora a kan jakarta ban ce komai ba. Da safe ta durƙusa ta ce, “Baba, na gode.”

Na ce, “Ba komai.” Amma da ta wuce ta gaban shago da ledar a hannu, sai da na tsayar da keke na bi ta da kallo har ta sha kwana.

Ba a yi sati biyu ba wasu iyaye biyu suka zo neman irinta, ɗaya daga cikin gari, ɗaya daga wani ƙauye ta wajen Baure. 'Ya'yansu sun gani sun yaba. Na ɗinka musu, kaina kuwa ya ƙara girma.

Wata Laraba cikin bazara, kafin azahar, wayata ta yi ƙara. Uwarta ce. Ta ce in zo gida, an dawo da yarinyar daga asibiti. Ban tuna yadda na hau babur ba. Na same ta kwance a ɗakin uwarta, hannunta na hagu naɗe da bandeji daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na tsaya a bakin ƙofa na leƙa fuskarta, na ga lafiya lau take. Ban iya shiga ba. Uwarta ta biyo ni tsakar gida ta ce asid ne ya zube mata, wai hannunta ne ya yi rawa ta ture kofin.

A kan tabarma akwai leda. Na buɗe, sai ga rigata a jiƙe, ƙirjinta duk huda-huda, an tsaga bayanta da almakashi tun daga ƙasa har wuya, yankan a karkace, ya bi ta kan aikin zaren da na yi kwana biyu a kai. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Da na tabbatar yarinyar tana numfashi, duk tsoron da ke cikina sai ya juye ya zama fushi, fushin kuma ya sauka a kan wanda ya yi wannan yanka.

Na ce, “Wa ya yi wannan aikin?”

Uwarta ta ce, “Malamarsu ta kimiyya.”

Ciwon ya fara warkewa, amma yarinyar ba ta dawo daidai ba. Ta daina buɗe littattafan da da ba ta rabo da su. Bayan kwana shida uwarta ta kawo mini wata takarda shago. Yarinyar ce ta rubuta, tana roƙon a mayar da ita ajin da ba a shiga lab, saura sa hannun uba. Ta ce wa uwarta hannunta ba na wannan aiki ba ne, gara ta bar wa masu iyawa. Na karanta takardar sau biyu. Na tuna muryarta da na jiyo daga zaure tana ba da labarin matar asibiti. Ban sa hannu ba. Washegari na ɗauki takardar da tsagaggiyar rigar na nufi makaranta, da niyyar in tambayi malamar nan yadda aka yi ta bar 'yar mutane ta ƙone a gabanta, sannan ta bi ɗinkina ta yi masa yankan mahauta.

Na same ta ita kaɗai a lab lokacin tara. Gajeriyar mace ce, ta manyanta, da tabarau mai kauri. Farar rigar da ke jikinta ta koɗe, ga ƙananan huji ko'ina, a raina na ce ko tsumman goge keke ba zan yi da wannan ba. Muka gaisa, ta tambayi mai jiki, na amsa a gajarce. Sannan na shimfiɗa rigar a kan tebur, na ajiye takardar a gefenta, na fara. Na faɗi wadda ta dace da wadda ba ta dace ba. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na tsagaita ta ce, “Malam, ka gama?”

Na ce, “Na gama.”

“To bismillah, zauna.”

Ta ɗauko wani kofin gilashi wanda ba komai a ciki ta ajiye a kan tebur. Ta zura hannunta cikin hannun rigata, ta miƙa kamar za ta ɗauko wani abu da ke bayan kofin. Faffaɗan hannun nan da nake taƙama da shi ya rataya ƙasa, ya shari kofin, ya jawo shi har bakin tebur. Ta tare shi da ɗaya hannun.

Ta ce, “Hannunta bai yi rawa ba. Ina tsaye a bayanta. Duk ajin nan babu mai tsayayyen hannu kamarta.”

Na ce, “Ai ita da bakinta ta ce…”

“Na san abin da ta ce. Ina wanke mata hannu tana kuka tana roƙona kar in gaya wa kowa rigar ce. Malam, 'yar farinka ce, ko?”

Na ce ita ce. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar da ta riga ta sani.

Ta ci gaba, “Abin da ya zubo mata ɗan'uwan ruwan batir ne, ya ma fi shi ƙarfi. Gaban rigar nan ya sha shi. Na juyo na ga tana kokawa da maɓallan nan naka, tana neman ta cire rigar ta kai. Kai tela ne. In an cire riga ta kai, ta ina gabanta yake bi?”

Na san amsar, amma taurin kai bai bar ni ba. Na ce, “Ai da an bi a hankali da ta fita.”

Ba ta yi gardama ba. Ta ce, “Ka je ka jiƙa gaban kaftaninka da ruwan bula, ka cire shi a hankalin nan, sannan ka dubi madubi.” Sannan ta ƙara da cewa, “Ni ma da laifina. Tun ranar farko na ce mata rigar ba ta yi ba. Ta ce Babanta ne ya ɗinka mata, idonta ya ciko, sai na kasa. Bai kamata in kasa ba.”

Ta tura mini takardar yarinyar. Ta ce sati biyu ya rage a rufe rajistar jarrabawa, kuma in yarinyar ta fita daga ajin yanzu, to ta fita ke nan. Ta roƙe ni kar in sa hannu tukuna.

Na koma shago da rana tsaka na ja ƙofa. Na sayi bula a tireda na dama a kwano, na sa wani tsohon kaftanina, na kwara ruwan a ƙirji. Na bi a hankali iyakar iyawata, ina ɗaga yadin nesa da jiki, ina riƙe numfashi. Da na fito da kaina na juya wajen madubin da masu gwada kaya ke dubawa. Gemuna shuɗi, hancina shuɗi, goshina da fatar idanuna duka biyu shuɗi. Da wani na gani a haka da na yi dariya har na faɗi. Na zauna a kan benci. Ba fuskata nake gani a madubin ba, tata nake gani. Na yi kuka a shagon nan, ni kaɗai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane lissafin da yarinyar ta yi. Ta gwammace a ce ita ce sakarai, ta gwammace ta bar abin da take so tun tana ƙarama, da dai ta buɗe baki ta ce ɗinkin Babanta ne ya cuce ta. Ni na koya mata wannan shirun.

Yammacin ranar na bi gidajen mutanen nan biyu. Na cikin gari ya ba ni rigar ba musu. Na wajen Baure sai da na yi dogon bayani a ƙofar gidansa, yana duban sauran shuɗin da bai gama fita daga gemuna ba. Na ce masa 'yarsa ta ari ta wata kafin in kawo mata sabuwa.

Da safe na koma wurin malamar, tef a wuya, hula a daidai, murya a ƙasa. Na ce ta yi haƙuri da maganganun jiya. Ta ce ta ji waɗanda suka fi su zafi. Na ce ina so in ga yadda ake aiki a ɗakin nan, don na ɗinka riga ban san inda za ta shiga ba. Ta nemo izini a ofis, ta ajiye mini kujera a can baya kusa da bokitan ruwan da take cikawa kullum kafin a fara darasi, saboda famfon ɗakin ba shi da alƙawari. Da ruwan bokitan nan aka wanke hannun 'yata.

Darasi uku na zauna. Na ga yadda yaran ke sunkuyawa, suna miƙa hannu ta saman kwalabe. Na ga 'yar wutar gas da suke kunnawa, wadda da rana ko ganinta ba a yi sosai. Na ga rigunan kanti, hannuwansu sun ɗage sun bar fata a waje, tsakanin maɓallai kuma ya wage in an zauna a dogayen kujerun nan. Na ga wata yarinya ta tuɓe rigarta ta ninke a gefe kafin ta wanke kwalabe masu datti, wai kar ta ɓata ta uwarta ta yi faɗa. Malamar ta daka mata tsawa, ta juyo ta ce mini, “Ka ga halinmu. Su ke gadin rigar, ba rigar ke gadinsu ba.” Na sunkuyar da kai, don ni ma irin iyayen nan ne.

Bayan an tashi na zazzage mata ƙyallayen yadi da na kwaso daga shago. Ta riƙa kama su da ɗan ƙarfe tana kai wa wuta. Yadina mai sheƙi, na angwaye, ko ƙiftawar ido bai jira ba. Ya ƙanƙance ya narke kamar leda, ya manne wa ƙarfen, sai da ta kankare shi da wuƙa. Farin kaki mai kauri, na auduga zalla, shi ne ya yi baƙi a hankali ya tsaya. Ta ce asid yana cin auduga ma, amma kafin ya huda mai kauri an samu damar tuɓewa. Aikin rigar, in ji ta, ta tare masifa na ɗan lokaci, sannan ta fita daga jiki da sauri.

A kan buɗaɗɗen gaba muka fi jayayya. Ta ce dole ne, na ce 'yan mata ne, kuma iyayensu ba za su so ba, ni ma ban so ba. Kwana ɗaya na yi ina juya abin, sai na ga uwar yara tana ɗaura zani a tsakar gida. Na ce to ga shi nan. Gefe ɗaya ya hau kan ɗaya da faɗin tafin hannu guda, ko an zauna ko an sunkuya ba abin da zai wage. Maɓallai kuma irin na ƙarfen nan da ake dannawa su ce ƙas, a fizga sau ɗaya su buɗe duka. Wuyan ya tashi sama yadda zai haɗiye ƙaramin hijabi na auduga a ciki, bakin hannu a tsuke da roba, a tsaga baya kaɗan don zama. Aikin zare kuwa ta ce ko ɗigo. Wannan ya yi mini ciwo, amma na haɗiye.

Na bi motar Kano da sassafe na sayo kaki da maɓallai, na dawo kafin la'asar. Ta farko da na ɗinka don gwaji, malamar ta sa ta ce robar ta matse jini, wuyan kuma yana gurzar haɓa. Na buɗe baki zan ɗora wa wuyanta laifi yadda na saba, na tuna, na rufe. Ta biyu ta sa, ta fizge, ta sake sawa, ta sake fizgewa, ta ce ba laifi. Daga baya na gane a bakinta “ba laifi” shi ne ƙarshen yabo.

Ta ce, “Saura abu ɗaya. Tsawon hannu ba a yin sa da ka. Wannan karon ka auna ta, Malam. Ba tsohuwar riga ba, ita kanta.”

Saura kwana biyar a rufe rajista. Bayan la'asar na shiga gida da rigar gwaji da kwanon bula. Uwarta na tsince shinkafa a bakin madafa. Na ce, “Ke, fito.” Ta fito ta durƙusa nesa da ni, hannun ciwon a ɓoye cikin hijabi. Na sa rigar a kan singiletina, na danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Uwarta ta ajiye faranti tana kallona kamar wanda ya taɓu. Na ɗaga kwanon na kwara wa kaina a ƙirji, na kama gaban rigar na fizga. Ta buɗe gaba ɗaya, na sake kafaɗa, ta zube a ƙasa ta baya. Na shafa fuskata na nuna musu tafin hannuna, fari tas.

Sannan na ba su labarin kaftani da madubi da shuɗin gemu. Uwarta ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Yarinyar ma na ga gefen bakinta ya motsa. Sai na faɗi abin da ya kawo ni, ina duban ƙasa kamar ni ne ɗan.

Na ce, “Ba hannunki ba ne. Rigata ce. Ni na ƙona ki.”

Ta ce, “A'a, Baba, ni ce na…”

“Malamarki ta nuna mini. Kin rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Amma ban yarda ki biya da karatunki ba.”

Ta kifa kai a gwiwa tana kuka marar sauti. Na bar ta ta yi. Da ta lafa na zaro tef daga aljihu na ce ta miƙo hannu. Ta miƙo na dama. Na ce ɗayan. Ta daɗe kafin ta fito da shi. An cire bandejin, sabuwar fata ta fito ja-ja, a tattare, tun daga wuyan hannu ta haura. Ranar na fara ganin wurin da idona. Na ɗora bakin tef a kafaɗarta na ja shi ƙasa ta kan tabon, tef ɗin yana karkarwa, don hannun da ya yi rawa a gidan nan nawa ne. Ban san lokacin da bakina ya kira sunanta ba. Na kira shi cikakke, yadda liman ya faɗa ranar suna, na ce ta yafe mini. Uwarta ta tashi da sauri ta shige madafa, ta bar shinkafar wa kaji.

Na gama rigar washegari na rataya ta a ƙusa a ƙofar ɗakinsu. Yarinyar ba ta ce za ta koma ba, ni ma ban tambaya ba. Takardar tana nan a kan keken ɗinkina na gida inda na ajiye ta, na danne da almakashi. Kwana biyu rigar na rataye ba wanda ya taɓa ta, har na fara sarewa. A rana ta uku ina zaure ina gyara takalmi sai na jiyo ƙas, ƙas, ƙas daga ciki, can kuma ƙarar fizga. Aka ɗan jima, aka sake. Na ƙirga har sau bakwai, ban yi ko tari ba don kar ta san ina nan.

Ranar Litinin na duba kan keke, ba takarda. Na tambayi uwarta, ta ce yarinyar nan taka ce ta ba ta ta hura wutar koko da ita. Ina buɗe shago yarinyar ta zo ta wuce da leda a hannu. Wannan karon ta waiwayo.

Tun daga shekarar malamar ta riƙa turo mini iyaye. Ni da na ce ɗinkin maza kaɗai na iya, yanzu duk farkon zango shagona cike yake da farin kaki. Uwar yara ke auna 'yan matan a cikin gida, kowace da awonta, kuma duk uban da ya ce in ƙara yatsu huɗu don a girma a ciki, sai in zaunar da shi in ba shi labari. Malamar ba ta daina gyara mini ba har ta yi ritaya. Ta sa na ɗaga aljihu, ta sa na sauya roba sau biyu. Ban taɓa samun wanda ya raina ɗinkina na ji daɗi ba sai ita. Ta ceci idon 'yata da almakashi, ta kuma haƙura da bakin ubanta, alhali tana da ikon ta kore ni tun a kalmar farko. Yau yarinyar tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ita ke leƙa na'ura ta faɗa wa mutane abin da ke damunsu.

Amma ranar da na fi tunawa ita ce ta ƙarshen jarrabawarsu. Ta biyo ta shago da azahar, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza leda a hannu.

Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, na ɓata rigar. Tun watan jiya ne, wani abu ya fantsamo mini, na ɓoye. Ko za a iya yi mata faci?”

Na karɓa na warware. Huji biyar ne a ƙirji, ɗaya a dab da wuya, bakinsu ya yi ruwan ƙasa. Na zura ɗan yatsana a kowanne. Na ɗaga kai na dubi wuyanta, na dubi haɓarta, na dubi idanunta duka biyu suna kallona. Ko ƙwarzane babu.

Na ce mata wannan ba a yi mata faci, ta yi aikinta. Na rataya ta a bango kusa da tsagaggiyar, inda suke har yau. Sannan na zaro tef daga wuyana, na kira sunanta, na ce ta miƙo hannu.